Ƙafar Zabo

Akuyar Inna ce ta kai ni Ikko. Wata ja mai karyayyen ƙaho, wadda ta fi kowa sanin hanyar rumbun maƙwabta. Ranar kasuwar Jega aka ja ta, tana kuka Inna tana kuka, da yamma aka ƙulle mini kuɗinta a tsumma aka ce ga na mota, ga na abinci, saura kuma Allah ya rufa asiri. Nasiru, ajiye ƙarfen nan naka mai ƙyalli tukuna. Ka zo mini da shi kana washe baki, wai za ka fara ƙirar wuƙa a bayan ɗakinka, kana tambaya ko zai yi, kana kuma tambaya me ya sa wuƙaƙen gidanmu ba su da shaida irin ta sauran maƙera. Tambaya biyu ka yi, amsarsu kuwa ɗaya ce. Ku gyara zama, kai da Basiru.

Baba bai ba ni ko sisi ba ranar da zan tafi. Abin da ya ba ni wani ɗan guntun ƙarfe ne kamar yatsa, a bakinsa an fitar da zane uku kamar sawun zabo a rairayi. Kakana ne ya ƙera shi. Shi ake bugawa a gindin wuƙa tana da zafi, kusa da ƙota. Ku ba ku riski zamanin ba, amma daga nan Danwarai har Birnin Malam, har mahautan Jega da na Maiyama, duk wanda ya ga ƙafar zabo a wuƙa ba ya gwada ta a farce. Gwada ta ma kamar zagin gidanmu ne. Dalili kuwa, Baba yana da alkawari: wuƙarsa in ta lanƙwashe ko ta ɓantare, ka kawo ta ka karɓi wata, ba zai tambaye ka me ka sara da ita ba.

A lokacin kafaɗarsa ta fara gajiya, ya bar wuƙa ya koma fartanya da lauje. Ya kama hannuna ya sa mini abin a tafi.

"Ummaru, wagga shaida ba tawa ta ba, ta kakanka ta. Kak ka buga ta ga ƙarhen da ba ka karya wutsiyatai ba. Ka jiya?"

Na ce na ji. Zan gaya muku abin da karya wutsiya ke nufi, ku dai yi haƙuri.

To me ya kai maƙeri Ikko? Ƙarfe. 'Yan gwangwan sun share ƙasar nan tas, ko tsohon sifirin ɗin mota ka nema a Aliero sai ka sha rana, duk an loda an yi kudu da shi. Na ce to tunda ƙarfe ya tafi ci-rani, bari in bi shi. Kuma ina da wanda zan sauka wurinsa, Garba ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba da aka aurar Kuberi. Taubashina ke nan. Kun san yadda abin yake, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Tun muna yara yakan ƙwace mini hula a gaban mutane sai na fanshe ta da gyaɗa, ni ma in ɓoye masa takalmi. Tsakanin taubasai ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

A saman buhunan albasa na tafi, na isa ina wari kamar miyar jiya. Garba ya tarbe ni a kasuwar da ake sauke kaya, ya yi ƙiba, ga tabarau, ga waya biyu.

"Bawana ya iso! Kai, wanga wari hwa? Ku ba shi hanya, ɗan sarkin maƙera na!"

Ya kai ni gidan da yake haya, irin wanda suke kira fesmi-afesyu, wato ɗakuna suna kallon juna kamar masu shirin dambe. Bayi ɗaya, mutum ya fi na sahun Juma'a. Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Iya, muryarta kamar an taka wa agwagwa wuya. Kowane Bahaushe a wurinta sunansa Malla. Ni Malla, Garba Malla, mai shayin bakin titi Malla. Akwai kuma wani kiyateka, wato mai kula da gidan, shi aikinsa ya tsaya da tawul a wuya yana ƙirga bokitin ruwan da ka ɗiba.

Garba ne ya samo mini aiki a wani filin tara tsofaffin ƙarafa. Ranar da na shiga wurin sai da na tsaya na yi salati. Abin da Baba yake yawon nema wata guda, ga shi nan tsibi ya fi rumbu tsawo, ruwan sama yana dukansa. Aikina in ware, in ɗora a sikeli, in loda. Mai wurin, Oga muke ce masa, ba ruwansa da wane ƙarfe ne wane. Ya ga ina jan sifirin gefe ina shafa shi kamar jariri, ya daka mini tsawa da guntuwar Hausarsa.

"Malla! Kai zo aiki ne ko kai zo neman mata?"

"Oga, wanga ƙarhe ba irin wancan na ba."

"Sikeli ya sani? Ƙarfe ƙarfe ne! Loda!"

Muka yi ta yi har ya gaji, ya ce in ina so in ɗauka a cire a ladana. Na ce na yarda.

To Nasiru, buɗe kunnenka, a nan amsarka take. Mai koyon ƙirar wuƙa da gawayi da zugazugi, babu abokin da ya fi masa sifirin ɗin tsohuwar mota. Yana da haƙuri. In ka ɗan wuce da wuta zai yafe maka, in ka tsoma shi a mai zai ɗauki tauri, ba ya saurin tsagewa. Sai dai ka duba shi da kyau, wanda ya karye a hatsari ko ya yi tsatsa har ta ci rami, bar shi, akwai tsaga a cikinsa da ido ba ya gani sai ka gama wahala ta buɗe baki. Tsohon magagari ma yana yin ƙaramar wuƙa mai kaifin tsiya, amma na dā, ba na yanzu mai araha ba wanda fatarsa kawai ke da tauri cikinsa tuwo. Ruwan zarton masu tsaga katako, shi ma in ka samu ka gode Allah. Rodin gini kuwa ba shi da alƙibla, wannan sanda ta yi, waccan ta ƙi, ba ka san abin da aka narka aka zuba a ciki ba. Bututun nan mai farin shafe kada ka kuskura ka sa shi a wuta, hayaƙinsa zazzaɓi ne. Shi kuma wannan naka, sitenles suke ce masa a can, suna faɗa suna ɗaga hanci. Ban ce ba a wuƙa da shi ba, ana yi, amma wutar da yake so aunanniya ce ta inji, ba ta gawayin ƙirya ba. Da yawansa ma na tukunya ne da cokali, ko shekara ka yi kana gasa shi ba zai yi tauri ba.

Yaya za ka gane? Ka kara shi a girenda, injin nan na wasa ƙarfe, ka kalli tartsatsi. Ƙarfen banza tartsatsinsa dogo ne, yana tafiya shiru. Na kirki gajere ne, yana fashewa yana 'ya'ya. Amma tartsatsi shaidar gani ce kawai. Hukuncin yana wurin karya wutsiya. Ka datse ɗan guntu daga ƙarshen ƙarfen, ka gasa shi har mayen ƙarfe ya daina kama shi, ka tsoma a mai, ya huce, ka goga masa magagari. In magagari ya zame yana ƙara bai ci ba, madalla. Sai ka ɗora a uwar maƙera ka ba shi masaba. In ya ɓalle ƙas kamar kwalba, cikinsa lukui kamar gari, wannan ƙarfen wuƙa ne. In ya lanƙwashe, ka yi maƙullin ƙofa da shi. Bayan ka ƙera wuƙar ka ba ta mai, sai ka mayar da ita gefen wuta a hankali har launinta ya koma na busasshen ɓawon albasa, don ta rage gautsi. Ɗan Danwarai dai ba sai an koya masa wannan launin ba.

Ina muka tsaya? Yauwa, Iya. Ranar Lahadi da ba aiki na haɗa 'yar maƙera a bayan gida, na hura gawayi, na fara bugu. Ban yi bugu goma ba sai ga ta da zane a ƙirji.

"Malla! Faya! Faya! Kai so ƙone gida na?"

"Iya, yuƙa nika yi, in na gama in ba ki guda."

"Wuƙa? A gida na? Kiyateka! Kira folis!"

Kiyateka ya zo ya juye mini bokitin ruwa a wuta, kuma ya ƙirga shi cikin nawa. Daga ranar sai na koma bakin wata kwata can bayan unguwa, inda sauro ke da girman fara, ina ƙera ɗaya ko biyu in an samu sarari. Mahautan kasuwa 'yan wajenmu suka gani, suka gane ƙafar zabo, suka fara rububi. Garba yakan zo ya tsuguna yana kallo. Ya ɗauki wuƙa ya juya, ya auna tsawonta da tafin hannu, ya tambayi wane ice nake ƙota da shi. Ni kuwa daɗi nake ji, na ɗauka jini ne ya motsa, ɗan Gwaggo yana sha'awar sana'ar kakansa.

Wata rana ya ce, "Bawana, yini guda yuƙa guda? Ga mutanen gida can suna kukan ƙahwar zabo ta ɓace. Mi zai hana mu yi ɗari?"

"Da wane hannu? Kowane sihirin sai an karya wutsiyatai."

"Kai dai da wutsiya, sai ka ce ɗan kuturun kare."

Muka yi dariya, magana ta wuce.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, ina layin wanka da safe, na bar rigata a ɗaki da ɗan zabirar da nake ajiye shaidar a ciki. Na fito na tarar da shi a bakin ƙofa yana jujjuya ta a yatsa, maƙwabta suna kallo.

"Na amshe! Bawa ba shi da dukiya. In kana son abinka, ka hwanshe ta."

"Da mi?"

"Sai na yi tunani. Wagga ta hi gyaɗa tsada."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har na kai masa dukan wasa ya goce. Me zan yi? Hular da ya saba ƙwacewa ce ta girma. Bayan kwana biyu na saya masa tsire, ya cinye ya ce bai isa ba. Na kawo masa turare, ya shafa ya ce saura. In na ɗan ɗaure fuska sai ya ɗaga murya, "Jama'a ku zo ku gani, bawana ya yi hushi!" sai in saki fuska don kunya. Lokacin kuma damina ta kankama a can, bakin kwata ya cika da ruwa, ba ni da wurin hura wuta, sai na ce bari ta zauna wurinsa, ai duk gida ɗaya ne. Ya rage kwana a ɗaki, ya ce kaya sun yi yawa a kasuwa. Ban kawo komai a raina ba.

Da Layya ta matso na shirya zuwa gida. Ya raka ni mota da kansa, ya kawo wasu kwalaye biyu masu nauyi an ɗaure da igiya, ya ce kayan babur ne, in miƙa wa wani mai tireda a Jega. Ni na ɗora su, ni na zauna a kansu har Jega, ni na sauke su a kafaɗata a gaban 'yan kasuwa suna mini barka da zuwa. Tun a Ikko na ce wa Garba, "Shaidata hwa?" kafin mota ta tashi. Ya ce, "In ka komo, bawana."

Ranar Sallah muka fita Idi. Aka idar, aka jawo ragon Liman, don kun san sai ya yanka kowa zai yanka. Ina tsaye kusa da Baba. Liman ya zaro sabuwar wuƙa daga kube, tana ƙyalli kamar madubi, ya waiwayo ya yi wa Baba murmushi.

"Sarkin maƙera, ashe ƙahwar zabo ta dawo. Shekaranjiya nis sawo ta Jega. An ce ɗanka yak kawo su."

Wuƙarmu ba ta ƙyalli haka, baƙa ce, bakin kawai ke fari. Kafin in buɗe baki an kayar da rago, Liman ya yi bisimilla ya ja. Wuƙa ta shiga gashi ta tsaya. Ya sake ja. Fata ta ɗan tsage, jini ya fito, kaifin ya naɗe kamar bakin gwangwani. Ragon nan ya yi wani irin kuka yana shure-shure, mutum uku sun danne shi, Liman yana ta salati. Sai da wani mahauci ya kutso da tsohuwar wuƙarsa aka ƙarasa shi. Ita ma tsohuwar tamu ce, ƙirar Baba.

Liman ya goge wuƙar a ƙasa, ya miƙa wa Baba ta wajen ƙota. Baba ya kai ta kusa da idonsa. Ni ma na leƙa. Ƙafar zabo ce, ta kakana, ba kwaikwayo ba. Sai dai a sanyi aka buga ta, gefen zanen ya tashi, don ƙarfen laushinsa ya kai a buga masa shaida ba wuta. Daga baya na ji komai: ƙyauren tsohuwar kwantena Garba ya saya, 'yan walda suka yanka masa a kan siffar wuƙata, aka goge a girenda har ta yi ƙyalli, aka sa ƙota. Ko warin wuta ba su ji ba. Kwalayen da na ɗauko ma na ƙarshe ne, wasu sun riga ni zuwa a motocin albasa.

Baba ya juyo. "Ina shaida?"

"Tana hannun Garba. Wasa yay yi, yaƙ ƙwace."

Ya dube ni, ya dubi wuƙar, ya sa ta a aljihu muka taho gida.

Kafin la'asar sun fara zuwa. Daga Birnin Malam, daga Aliero, har daga Kuberi garin su Garban. Ba wanda ya yi zagi, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Mutum zai yi sallama, ya yi barka da Sallah, ya ajiye lanƙwasasshiyar wuƙa a ƙofar maƙera, ya ce, "Alkawali dai, Baba." Wani ya ce ragonsa sai da ya tashi da rabin wuya ya shiga gona. Tsibin ya yi ta girma har ya tare hanyar shiga.

Na ce wa Baba mu gaya musu ba ƙirarmu ba ce. Ya ce, "Sawun wa ag gare ta?" Na ce to mu kai Garba gaban hakimi. A nan ne dangi suka taso mini. Gwaggo ta zo daga Kuberi da kukanta.

"Ummaru, taubashinka za ka kai ƙara? Ina anka taɓa yi? Wasa na ya yi yawa, yaro na, ku yi mai haƙuri."

Yaro! Mutum da gemu da mata. Kawunnai suka ce zumunci ya fi wuƙa. Wato ya ɗauki abin da ya san ba zan iya yin fushi a kansa ba, ya yanka ni da shi. Da ɓarawo ne ya fasa ɗaki ya sace, da na san inda zan kai kukana. Wannan kuwa a gabana ya ɗauka, ina dariya, har da tsire na saya masa.

Ban koma Ikko ba. Kayana da sifirin ɗin da na tara suna can, na bar wa Iya da kiyateka su yi gado. Muka zauna ni da Baba muna biyan wuƙaƙen da ba mu ƙera ba. Gonarmu ta albasa ba ta ga dashe ba a shekarar, muna maƙera. Tsohon nan da kafaɗarsa ta riga ta gaji ya koma riƙe masaba, ni ina yawon neman sifirin har Maiyama. Kowanne sai ya karya wutsiyarsa da hannunsa. Kafin mu ga ƙasan tsibin, hannunsa na dama ya daina ɗaguwa sama da ƙirji, ko kabbara da ƙyar yake yi.

Ana nan sai ga Garba a kan sabon babur, ya zo gaida kawunsa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya zaro shaidar ya cilla mini.

"Ga abinka, bawana. Na yahe maka hwansa."

Baba ya miƙo hannun hagu, na ba shi. Ya ce in hura wuta. Ya kama ta da awartaki ya tura cikin gawayi har ta yi ja, ya ɗora a uwar maƙera. Ya gwada ɗaga masaba, hannu ya ƙi. Sai ya miƙo mini.

"Buga."

"Baba, ta kaka ta."

"Na sani. Mutane sun koyi gwada ta ga akaihwa. Buga."

Na buga. Bugu kaɗan ƙafar zabo ta shafe, ta koma guntun ƙarfe kamar kowane. Garba yana tsaye yana kaɗa makullin babur, ya ce wai ai da an bar masa. Baba bai sake ƙera wuƙa ba har ya koma ga Allah.

Ga ta nan a zabirata, Basiru, taɓa ka ji, sumul. Shi ya sa in na kai wuƙa Jega yanzu, yaron da aka haifa jiya sai ya ɗauka ya kankara a farce, ya goga a dutse, ya dube ni ya ce, "Tsoho, tana ci kuwa?" in tsaya in yi masa rantsuwa.

Nasiru, mayar da abin ƙyallin nan inda ka samo shi, ka ɗauko wancan sifirin mai tsatsa da ke jingine da bango. Datse wutsiyar tukuna. Ku yi sauri mu gama da wuri, gobe akwai suna a Kuberi, jikan Gwaggo, dole in je. Garba zai tarbe ni a ƙofar gida, da furfurarsa da tumbinsa, ya ɗaga murya ya ce, "Bawana ya iso!" Jama'a su juyo suna jira. Ni kuma zan yi dariya.